Maigida Zai Gina Mana Benen Gilashi, Ni Kuwa Idon Jama'a Nake Tsoro

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, shekara goma sha tara ke nan da aurenmu, 'ya'yanmu biyar, uku mata, babbar ta gama sakandare. Duk tsawon zaman nan a gidan haya muke. Allah ya buɗa wa maigidana a kasuwa, ya sayi fili a kan wani ɗan tudu, inda in mutum ya fuskanci kudu yana hango kogi da lambunan da ke bakinsa. Ni ma na sayar da gwal ɗina da wani fili da na gada, na ba shi kuɗin don a haɗa a yi ginin.

Tun da ya fara zuwa Dubai saro kaya ya ƙwallafa rai a kan gidan gilashi. Yanzu an kawo zanen: hawa uku ne in an haɗa da ƙasa, kuma kusan kowane bango gilashi ne tun daga daɓe har silin, har ɗakunan kwana da wajen matattakala. A waya ya yi kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Amma ni da 'ya'yana mata fa? Sai mu yini da hijabi a cikin gidanmu? Ga Hajiyarsa za ta dawo wurinmu da zama. Ya ce gilashin irin wanda na ciki ke ganin na waje ne, na waje ba ya ganin na ciki.

Sannan maƙwabcinmu na yamma dattijo ne mai iyali da yawa, gidansa ba bene ba ne, tsakar gidansa a buɗe take. Ya aiko limamin unguwa cewa ya ji labarin ginin, yana roƙon kada a buɗe taga ta kan iyalinsa. Maigida ya fusata, ya ce filinsa ne, kuɗinsa ne, hassada ce kawai. Da na sa baki ya ce ƙauyanci ke damuna, shi a ɗaki mai 'yar taga ɗaya kamar ta kurkuku ya tashi, ba zai gina wa kansa wani kurkukun ba. Sati biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba a haƙa fandisho ba tukuna, amma ya ce bayan salla za a fara. Ba na son in kashe masa gwiwa, ba na kuma son gidan da zan zauna a cikinsa a takure. Yaya zan yi?

Daga wata baiwar Allah, Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a wannan fili, ya sa ku shiga gidan da ƙafar dama. Abin da ya fi faranta min rai a wasiƙarki shi ne cewa ba a haƙa fandisho ba. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Yau gyaran gidan nan aikin takarda ne, abin da zai ci bai wuce ladan mai zane ba. Ranar da aka zuba kankaren bene aka ɗaura gilasai, gyara ya koma rushe-rushe da asarar miliyoyi, ga ɓacin ran da ba ya gogewa da wuri. Kin yi magana a kan lokaci, kuma damuwarki ba ƙauyanci ba ce. Mace ta so ta cire ɗankwali a falonta, ta zauna da 'ya'yanta ana tsifar kai ana hira ba tare da tunanin wa ke kallo daga titi ba, ai wannan shi ne amfanin samun gida na kai.

Amma ina so ki sake sauraron maganar da maigidanki ya faɗa cikin fushi, domin a nan ya buɗe miki cikinsa. Mutumin da ya tashi a ɗaki mai 'yar taga ɗaya, ya yi shekara goma sha tara yana biyan haya, yanzu Allah ya ba shi tudu mai kallon kogi, haske yake nema da iska da sarari. Yana kuma son gidan da in ya tsaya a gabansa zai ce alhamdulillahi, wahalata ba ta tafi a banza ba. Babu laifi a cikin wannan ko kaɗan. Lokacin da kika ce ba kya son gilashi, abin da kunnensa ya ji shi ne ana so a mayar da shi wancan ɗakin, shi ya sa ya yi zafi. Saboda haka ki ajiye gardamar a sa gilashi ko kada a sa, ba za ta kai ku ko'ina ba. Abin da za ku zauna ku tantance shi ne kowane gilashi wa yake kallo, kuma wa ke kallonsa. Wanda ke kallon kogi a bar masa shi, a ƙara masa faɗi ma. Wanda ke kallon tsakar gidan dattijo, ko yake nuna wa titi gadon 'yan mata, shi ne za a sake wa tsari.

Maganar gilashin da na waje ba ya ganin na ciki, an faɗa wa maigidanki rabin gaskiya ne. Irin wannan gilashi da bambancin haske yake aiki: ɓangaren da ya fi haske shi ke ganin madubi, ɓangaren da ya fi duhu shi ke ganin mutane. Da rana waje ya fi ciki haske, sai mai wucewa ya ga hoton sararin sama da nasa hoton kawai. Da magariba ta yi kuka kunna fitila, lamarin ya juye gaba ɗaya. Ku a ciki kanku za ku riƙa gani a jikin gilashin, shi kuwa wanda ke tsaye a cikin duhun titi yana ganin komai tar, har abin da ke cikin faranti. Wannan ya fi taga ta gama-gari haɗari, domin mutum ya saki jiki yana zaton a rufe yake. Kuma ki duba lokacin: tsakanin magariba zuwa kwanciya ne iyali ke haɗuwa, a cire mayafi, a ci abinci, yara su fito daga wanka.

Kada ki tsaya yi masa wannan bayani da baki, gani ya kori ji. Ku karɓo ɗan yankin gilashin daga wurin mai sayarwa, ku jingina shi a taga da daddare, a kunna fitilar ɗaki, shi ya fita waje ya duba. Ko kuma wata rana bayan isha'i ki roƙe shi ku zaga cikin gari ta gaban otal ko ofis mai irin wannan gilashi, ya ga yadda ake hango duk wanda ke ɗakin da aka bar fitila a kunne ba labule. Ki bar shi ya gano da kansa. Namiji mai kishin iyalinsa ba ya buƙatar dogon wa'azi bayan ya ga wannan.

Su kansu waɗanda suka fara wannan salon gini sun ɗanɗana kuɗarsa. A Amurka akwai wani shahararren gidan gilashi a jihar Illinois, a bakin kogi kamar naku, wanda Mies van der Rohe ya zana wa wata likita mai suna Edith Farnsworth, aka gama shi a 1951. Har yau ɗaliban zanen gini na zuwa kallonsa, amma matar da aka gina wa ba ta ji daɗin zama a ciki ba. Ta koka da rashin sirri da zafi da tsadar aikin, har ita da mai zanen suka kai juna kotu. Gidan nan fa ba bene ba ne, kuma cikin itatuwa yake, ba maƙwabci a jikin katanga. Wani gwanin, Philip Johnson, da ya gina wa kansa nasa gidan gilashin a 1949 a jihar Connecticut, sai da ya kafa wani ɗan gida na bulo a gabansa wanda fuskarsa ba ta da taga ko ɗaya. A Dubai ma da maigida ya gani, yawancin gilasan nan na dogayen benaye ne, inda wanda ke hawa na talatin ba mai leƙa shi daga titi, ga wuta ba ta ɗaukewa, na'urar sanyi tana aiki dare da rana. In ya shiga unguwannin da 'yan ƙasar ke zaune da iyalansu zai tarar da katanga da majalisar baƙi daban da cikin gida, kamar dai zaurenmu. A Abu Dhabi akwai tagwayen benaye na Al Bahr da aka gama a 2012, gilashi ne, amma an lulluɓe su da raga mai buɗewa da rufewa gwargwadon inda rana take. In kuma ɗayanku ya taɓa shiga tsohon garin Jidda, ya ga benayen nan masu tagogin katako da aka sassaƙa kamar raga: iska na shiga, matan gida na kallon titi, na titi ba ya ganinsu. Don haka abin da kike nema ba komawa baya ba ne, masu kuɗin da suka fi mu ma haka suke yi.

Yanzu maganar dattijon nan, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a duk wasiƙar, kuma a nan ba zan goyi bayan maigidanki ba. Ba hassada ba ce. Mutumin da ke hassada ba ya aiko liman da roƙo tun kafin a sa bulo ɗaya. Ki yi lissafin da kanki. Kowane hawa yana cin wajen mita uku da ɗan ɗori, don haka idon wanda ke tsaye a hawa na sama yana wajen mita takwas daga ƙasa. A ce katangar da ke tsakaninku mita biyu da rabi ce, kuma an bar mita uku tsakanin gininku da ita. Abin da katangar za ta ɓoye bai wuce mita ɗaya da rabi daga gindinta ba. Duk sauran tsakar gidan a tafin hannunku yake: murhu, wurin wanki, igiyar shanya, ƙofar banɗaki, tabarmar da matansa ke kwanciya a kai lokacin zafi. Ba sai wani ya yi niyyar leƙe ba. Kuna da 'ya'ya maza, za su girma, abokansu za su zo, mai gyaran esi zai hau, mai wanke gilashi zai hau. Iyalin da suka yi shekaru suna walwala a gidansu za su koma zaman ɗar-ɗar saboda ku. Abin da ke ba ki tsoro a kan 'ya'yanki shi ne daidai abin da ke ba shi tsoro a kan nasa.

Addininmu bai bar wannan a buɗe ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an sanya neman izini ne saboda gani, ya kuma ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar, Kharija ɗan Huzafa ya gina ɗakin sama a Fusɗaɗ ta ƙasar Masar. Da labari ya kai Madina, Umar ya rubuta wa gwamna Amru ɗan Asi cewa a sa gado a gindin tagar, a sa mutum matsakaicin tsayi ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidajen mutane a rushe. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke kai, sun tafi a kan cewa sabuwar tagar da ke tona asirin maƙwabci ana toshe ta, bisa ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Fili nasa ne, gaskiya, kuma ba wanda ya hana shi yin bene. Amma ikonsa bai kai cikin gidan wani ba. Ko a Ingila, a watan Fabrairun 2023 kotun ƙoli ta ba wasu mazauna gidajen gilashi a Landan gaskiya a kan gidan adana zane-zane na Tate Modern, saboda baƙin da ke hawa barandarsa suna kallon cikin ɗakunansu har da ɗaukar hoto. Kotu ta ɗauki yawan kallon a matsayin cutarwa, bayan shari'ar da ta ci shekaru. Ba na yi muku fatan fara zama a unguwa da sammaci.

Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi, kuma ba sai kowa ya leƙa gidan kowa ba. A samo doguwar gora, a ɗaura jan ƙyalle a wajen mita biyar, wani kuma a wajen mita takwas, a kafa ta daidai inda bangon yamma zai tsaya. Sai dattijon ya zaga cikin gidansa. Duk inda ya tsaya yana hango ƙyallen, to wanda ke tsaye a wannan hawan zai hango shi. A matsar da gorar tsawon bangon a maimaita. Ki ba maigida shawara ya je da kansa ya gai da dattijon tare da liman, ya ce Baba na ji saƙonka, ga abin da za mu yi. Wannan ziyara ɗaya za ta sayo muku maƙwabcin da zai sa ido a kan rodinku da simintinku duk tsawon ginin, kuma shi ne zai fara fitowa ranar da wani abu ya taso cikin dare.

Wani abin farin ciki shi ne Allah ya ajiye muku kogin ta kudu. A ƙasarmu bangon gabas da na yamma su ne ke shan rana, domin da hantsi da la'asar rana ƙasa-ƙasa take, tana shigowa kai tsaye, ba rumfar da ke tare ta. Bangon gilashi mai kallon yamma a watan Maris ko Afrilu, ɗakin ba zai zaunu ba daga azahar zuwa magariba, esi zai yi ta aiki ba hutu. Ki tuna a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, ban da man janareta. Kudu da arewa kuwa rana daga sama take zuwa musu. A Kaduna ko a watan Disamba da ta fi karkata kudu, baranda mai zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu tana inuwantar da gilashi mai tsayin ƙofa da tsakar rana. Ke nan bangon da ya kamata a rufe saboda dattijo shi ne wanda ya kamata a rufe saboda zafi, kuma bangon da maigida ke so ya buɗe saboda kogi shi ne mafi sauƙin buɗewa. Wannan hujja ki fara gabatar masa da ita, domin ɗan kasuwa yana jin maganar kuɗi da sauri.

Ga yadda nake ganin gidan. Ta kudu a ba shi gilashinsa tun daga daɓe har silin, a hawa na tsakiya da na sama, amma a ja shi ciki bayan baranda mai zurfi. Zurfin barandar da kansa yana kare ido, domin wanda ke ƙasa rufin baranda yake gani, ba cikin ɗaki ba. Makarin barandar, wanda bai kamata ya gaza mita ɗaya da ɗan ɗori ba saboda yara, a yi shi da bulo ko gilashi mai hazo, yadda mai zaune ba a ganinsa, shi kuwa yana kallon kogi ta sama. Gefen barandar na yamma a rufe shi da bango har sama, in ba haka ba an toshe taga an bar ƙofa. Bangon yamma kuwa a yi shi da bulo, a jera banɗakuna da sito da matattakala a jikinsa, tagoginsa su fara daga sama da kan mutum, wajen mita ɗaya da ɗigo takwas daga daɓe. Haske zai shiga, iska za ta ratsa, ido ba zai sauka gidan kowa ba. Inda ake son haske sosai, kamar matattakala, akwai tubalin gilashi mai kauri da ke shigo da haske ba ya nuna siffar mutum sarai. A Faris akwai gida mai hawa uku da aka gama a 1932 wanda fuskarsa duk da irin wannan tubali aka yi ta, a tsakiyar maƙwabta. Gabas kuma kada ku ruɗu don yau ba kowa a wurin ko gidan da ke wurin gajere ne. Gobe wani zai iya tayar da nasa benen ya kalli naku, don haka a yi mata tsari irin na yamma, sai dai a ɗan sassauta. Arewa, in nan ne titi, a yi wa maigida kwalliyar da yake so mutane su gani: gilashi a falon baƙi da ƙofar shiga, da ragar siminti ko ta ƙarfe mai zanen dagi a gaban tagogin sama.

Abin da zan fi so ki roƙa shi ne tsakar gida. Gidan Bahaushe na asali ba kurkuku ba ne. Daga waje bango ne da zaure, amma da ka wuce ciki sai sararin sama, inuwar bishiya, iska, hasken farin wata. Kakanninmu sun buɗe gida ta ciki ne suka rufe shi ta waje. Ana iya yin haka a bene: a bar fili a tsakiya ko a lanƙwasa ginin ya rungumi ɗan lambu ta ɓangaren kogi, sai a zuba gilashi iya son rai a bangayen da ke kallon wannan fili. Kicin, falon iyali, ɗakin Hajiya, duk su kalli nan. Ba labule, ba hijabi, ba wanda ke gani sai 'yan gida. Shi ya sami haskensa, ke kin sami sakewarki.

Hajiya a ba ta ɗaki a ƙasa da banɗakinta a ciki da ƙofa zuwa tsakar gida, kada a haɗa ta da hawa da sauka. Falon baƙi maza ya kasance da ƙofarsa da banɗakinsa, yadda baƙo ba zai hango matattakala ko hanyar kicin ba. Wannan ma ki duba shi da kyau a zanen, domin gidajen zamani da yawa sun tsare idon waje sun manta da idon baƙon da ke zaune a falo. 'Yan mata a hawa na tsakiya, tagoginsu su fara daga ƙugu zuwa sama, da labule biyu, shara-shara na rana da mai kauri na dare. Hawa na sama a bar wa maigida da ke, da falon kallon kogi. In ana son hawa rufin shan iska, bangon da ke kewaye da shi ta yamma da gabas ya wuce tsayin mutum.

Shi kansa gilashin iri-iri ne, kada a saya da ido kawai. Wanda zai sauko har ƙasa, inda yaro zai iya karo da shi a guje, dole ya zama mai ƙarfi wanda in ya fashe yake zubewa ƙanana, ko mai ruɓi biyu da leda a tsakani wanda ko ya tsage ba ya zubewa. Na biyun ya fi wuyar fasawa ga ɓarawo, kuma a halin tsaron da muke ciki gidan da ake ganin wa ke ciki da inda yake kwana ba abin wasa ba ne. In za a sa ƙarfen taga, kowane hawa a bar guda mai buɗewa ta ciki saboda gobara. Akwai mai ruɓi biyu da iska a tsakani da wani shafi da ke rage shigar zafi, yana da tsada amma yana rage kuɗin wuta. Akwai kuma na lantarki wanda ke washewa in an kunna, ya koma fari kamar madara in an kashe ko an ɗauke wuta. Yana aiki, sai dai tsadarsa da wahalar samun mai gyara sun sa ba zan ce a dogara da shi ba, in ban da taga ɗaya ko biyu. Sannan a tabbata akwai tagogi masu buɗewa a ɓangarori biyu na kowane ɗaki, don ranar da ba wuta ba mai. Ki kuma tambaye shi a hankali: in hunturu ya shigo, ƙura ta lulluɓe gari tun daga Nuwamba har Fabrairu, wa zai riƙa hawa mita tara yana goge gilashi? Inda akwai baranda, tsayawa za a yi a goge. Inda babu, sai an ɗauko ma'aikata maza da tsani, su yini a jikin tagogin ɗakunanku.

Ban san wanda ya yi muku zanen ba, amma zanen da ya sa gilashi iri ɗaya gabas da yamma, kudu da arewa, alama ce ta wanda bai taka filin ba, ko ya kwaso hoto daga intanet. Ku nemi mai zanen gini da ke da rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, da injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya, saboda nauyin hawa uku, a kuma gwada ƙasar wurin kafin fandisho. Mai zanen ya zo filin da la'asar, ya ga rana, ya ga gidan dattijo, ya zauna da ke ma ya ji yadda kike tafiyar da gidanki tun daga asuba har dare. Dole ne kuma zanen ya bi ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, a sami izinin gini, kuma tunda kusa da kogi ne a tambaye su iyakar da ruwa ke kaiwa in ya yi ambaliya.

Wajen yi masa magana, ƙanwata, ki fara karya wannan shirun na sati biyu, ba sai kin jira shi ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ba. Ki fara da abin da kika faɗa min, cewa gidan ya yi kyau kuma kina alfahari da shi, domin ina zaton shi bai taɓa jin wannan daga bakinki ba. Ki ce Abban yara, ina son in zauna da kai muna kallon kogin nan, amma ina so in zauna ba mayafi. Sannan ki roƙi abu uku kawai kafin salla: gwajin gilashi da daddare, gwajin gora, da zama ɗaya da mai zane wanda za ki halarta. Kada ki ce ai dattijo ya fi shi gaskiya, kada kuma ki kai ƙararsa wurin Hajiya. In ita da kanta ta tambayi inda ɗakinta yake da abin da tagarta ke kallo, wannan haƙƙinta ne, a nuna mata zanen. Kalmar ƙauyanci da ya jefe ki da ita ta yi ciwo, na sani. Ki bari sai an shirya, ki gaya masa sau ɗaya cikin natsuwa cewa ta ɓata miki rai.

Kuɗin gwal ɗinki da filin gadonki kuma kada kunya ta hana ki. Ku fayyace tun yanzu ko kyauta ce, ko rance, ko hannun jari a cikin gidan, a rubuta da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Amma ki ware wa wannan magana ranarta daban, kada ki haɗa ta da ta gilashi, don kada ya ji kamar kina yi masa gori.

In duk an yi wannan ya kafe a kan zanensa, to ki rage buƙatunki zuwa biyu waɗanda ba za ki sauka daga kansu ba: ba tagar da za ta kalli cikin gidan dattijo, kuma ɗakunan kwana da banɗakuna ba za su zama gilashi har ƙasa ba. A kan waɗannan biyun ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko malaminsa ko aminin da ya taɓa gini, ya zauna da shi. Sauran ana iya gyara su daga baya da leda mai hazo da ake mannawa a rabin gilashi na ƙasa, da ragar ƙarfe ko katako ta waje, da labule. Itatuwa ma suna taimakawa, sai dai suna ɗaukar shekaru kafin su kai hawa na biyu, kuma irin su darbejiya in an dasa su a jikin katanga saiwarsu na tsaga ta. Ki sani dai duk waɗannan gyare-gyaren biya biyu ne, an sayi gilashi an kuma sayi abin rufe shi, kuma wannan lissafin ma ki sa mai zanen ya rubuta masa shi da alƙaluma kafin a sayi ko falle ɗaya.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ku maƙwabta na gari, ya raya muku zuri'a. In an yi gwajin gorar, ki rubuto min abin da dattijon ya gani.